MOTAR BABA BA TA HAWA KATAKO (Shafi na 17)

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuta a ƙarƙashin shafin da ya wuce cewa ni Wiebke ba ni da zuciya a ƙirji, ban goge maganarki ba. Karanta wannan tukuna, ƙila ki samu abin ƙarawa.

*

Ranar Juma'a da yamma muka shiga shagon kayan mota da ke bayan tashar jirgin ƙasa, ni da Sönke da wani guntun itace a aljihun rigarsa.

Kun dai san sharaɗin da Baba ya gindaya. Motarsa ja, wadda ya fi so a kan kowa a gidanmu, tana kwana a gareji duk tsawon sanyi a kan tsofaffin tayoyi. Asabar ɗin farko ta Afrilu ake tashinta a sa mata na bazara, abokansa suna tsaye suna kallo. Bana ya ce ba shi zai yi ba. Wanda zai aure ni a watan Mayu shi zai yi, da jak ɗin da ya zaɓo da kansa.

"Namijin da zai ɗauki 'yata, ya fara ɗaga motata." Haka ya ce.

Sönke kuwa malamin kiɗa ne a firamare. Keke yake hawa. Bai taɓa kwance wata taya ba in ba ta keken ba.

Amma ya ɗauki abin da gaske har ya ba ni tausayi. Ranar Lahadi ya je garejin, ya kwanta rubda ciki a kan siminti, ya auna tsakanin simintin da ƙasan motar, ya yanke itacen nan daidai tsayin. Baba yana tsaye a kansa da kofi a hannu.

"Wace irin mota ce?" in ji mai shagon, wata mata mai tabarau a goshi.

"Ja ce," in ji Sönke.

Na runtse idona.

"Ta gudu ce, mai kujera biyu," na ce. "Cikinta kusan yana shafar ƙasa."

"Oho. Irin wadda ake shiga a kishingiɗe a fito da rarrafe." Ta dubi Sönke sama da ƙasa, ta dubi hular kekensa. "Taka ce?"

"Ta surukina ce."

"Ayya. Sannu ka ji."

Ta fara fito da kaya tana jerawa a ƙasa. Na farko gajere ne kakkaura, mai ƙirar kwalba. Sönke ya ciro itacensa ya tsayar a gefensa. Jak ɗin ya kusa ninka shi tsawo.

"Mayar da itacenka," in ji matar, "wannan na masu motar kaya ne. Don ka ga bambanci na fito da shi."

"Wancan fa, mai kama da almakashi?"

"Zai shiga. Amma rawa yake yi. Kana cikin kwance noti sai ka ji mota ta zauna."

"Ba na so ta zauna."

"Surukinka ma ba ya so."

Ta shiga ciki ta turo wasu guda biyu dogaye masu tayoyi, bakinsu a kwance, kowanne da doguwar sandar bugawa. Ɗaya na baƙin ƙarfe, ɗaya na alminiyum yana sheƙi.

Sönke ya tuɓe jakarsa ya kwanta a ƙasan shagon mutane. Wani tsoho da ke zaɓar man inji ya tsallake ƙafarsa ya wuce.

"Na ƙarfen ya yi daidai cif," ya ce daga can ƙasa.

"Ka ɗora robar?"

"Wace roba?"

Matar ta jefa masa wata baƙar roba mai faɗin tafin hannu.

"Wannan. Ita ke tsakanin jak da jikin mota. Kullum sai mutum ya auna jak tsirara, ya je gida ya ɗora roba, abu ya ƙi shiga, ya dawo nan yana zagina kamar ni na ƙera motar."

Ya ɗora. Na ƙarfen ya zarce itacen. Ya ɗora a kan na alminiyum, ya kwantar da kumatunsa a ƙasa, ya kanne ido ɗaya.

"Wiebke, zo ki gani! Har da ragowar yatsa guda!"

Murnar da ke fuskarsa, kai ka ce gida aka ba shi kyauta.

"Shi ne naka," in ji matar. "In kuma ka je ya yi maka gardama, kar ka tilasta. Ka sa katako biyu a gaban tayoyin, a hau da motar kai, ta ɗan ɗago. Kowa haka yake yi."

"Motar Baba ba ta hawa katako," na ce.

Ban ma san ya fito daga bakina ba. Matar ta sauke tabarau ta dube ni, sannan ta dubi Sönke.

*

A waje muka ɗaure kwalin a kan amalanken da yake ja da kekensa. Ya daɗe yana gyaran igiyar da ba ta buƙatar gyara.

"Wiebke."

"Na'am."

"Gobe zai yi mini wani abu."

"Me zai yi maka? Ka auna, ka sayi mai kyau."

"Zai samu abin yi. Kin san shi."

Na kawar da kai, don na san shi.

"Ba faɗa nake so ki yi ba," ya ce. "Ba na so ki zagi ubanki. Ki ce, Baba ya isa. Shi ke nan."

"Ai ka san wasa yake yi."

"Ranar Kirsimeti ma wasa ne? Da ya sa na busa wa karensa sarewa a gaban baƙi?"

"Ai da ka ƙi."

"Na dube ki. Kin tashi kin shiga kicin."

"Miya ce a wuta."

"Mamanki ce ta yi miyar, kuma tana zaune."

Ya miƙe ya share hannunsa a wando. Sönke ba ya ɗaga murya, shi ya sa in ya yi magana take shiga har ƙashi.

"Zan iya jure ubanki har ƙarshen raina. Shirunki ne ba zan iya ba. In kika yi shiru gobe, babu Mayu."

"Barazana ce?"

"A'a. Gaya miki nake, don kar ki ce ban faɗa ba."

Na yi dariya na kama hannunsa.

"Zan yi magana. Na yi maka alkawari."

Kuma da gaske nake. Duk wanda zai zage ni ya fara riƙe wannan, a lokacin da gaske nake.

*

Asabar da safe harabar garejojin ta cika. An bubbuɗe ƙofofi, an fito da kujeru, Detlef babban abokin Baba ya tura tumbinsa gaban murhun gashi yana juya nama. Mamana Gesa tana gefe da kek ɗin tuffa da tulun kofi a kan ƙaramin tebur, kamar kowace shekara. Ba mai yi mata magana sai in kofinsa ya ƙare.

"Ga Sarewa nan!" in ji Baba da ya hango mu. "Ku ba shi hanya, ya zo da amalanke!"

Sunan da yake kiransa ke nan. Shi kuwa Sönke har yau Baba bai ba shi izinin kiran sunansa ba.

"Barka da asuba, Yallaɓai."

"Ka yi karin kumallo? Aikin maza ne yau, ba do-re-mi ba."

Aka yi dariya. Sönke ma ya yi murmushi, ya shiga kwance kwalinsa. Da jak ɗin ya fito yana sheƙi, Detlef ya yi fito.

"To fa! Hinnerk, yaron nan ya san kaya."

"Za mu gani," in ji Baba.

Ya shiga garejin ya kama gefen mayafin motar, ya yaye shi a hankali, yadda yake yi duk shekara don a yi tafi. Aka kuwa yi.

Ni ban tafa ba.

A gindin motar nan na girma. Tun ina ƙarama nake riƙe wa Baba noti, na san ta fiye da ɗakin kwanana. Tsakanin saman taya da bakin jikinta, yatsuna uku suke shiga. Yau saman tayar ya ɓace, ya shige ciki. A kan sifirin ɗinta akwai wasu zobba da ake murɗawa ta ɗago ko ta sauka, kuma wani ya murɗa su.

Na ɗago kai. Baba ni yake kallo, ba motar ba.

Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe.

"'Yar gidana, akwai magana ne?"

Murya mai laushi, irin wadda yake yi kafin ya fasa faranti.

"Babu, Baba."

"Madalla. Sarewa, bismilla."

Sönke ya durƙusa ya ɗora robar, ya turo jak ɗin a hankali zuwa wurin da aka yi wa alama a bayan tayar gaba.

Ƙwas.

Bakin ya shiga, robar ta tokare.

Ya ja baya, ya sake daidaitawa, ya turo.

Ƙwas.

"A hankali!" in ji Baba. "Ba ganga ba ce."

"Yi haƙuri, Yallaɓai."

Ya koma ta baya. Ya ƙi. Ya zagaya ɗaya gefen. Ya ƙi. Kunnuwansa suka yi ja wur. Ya danna jak ɗin da tafin hannu ko zai ƙara sauka, alhali ya riga ya kai ƙarshe.

"Busa mata sarewa mana," in ji Detlef. "Ƙila ta ɗago kai kamar maciji."

Wani har da ƙwarewa da giya don dariya.

Sönke ya cire robar zai gwada haka nan.

"Me kake yi?"

"Na ce ko ba robar..."

"Ƙarfe tsirara a jikin motata? Mayar."

Ya mayar. Ya sa hannu a aljihu ya ciro itacensa, ya kwanta rubda ciki ya tura shi a tsaye ƙarƙashin motar. Itacen ma ya ƙi shiga.

Ya juya shi. Ya duba shi. Ya sake gwadawa.

"Ya aka yi?" in ji Baba. "Itacen ya girma? Ka ba shi ruwa ne?"

"Ranar Lahadi ya shiga."

"To yau Asabar."

Sönke ya miƙe a kan gwiwoyinsa. Bayan yatsunsa ya kuje a siminti, jini yana tsattsafowa. Ya dube ni sau ɗaya, ni kuma na sami abin kallo a kan kek ɗin Mama.

"Yallaɓai, ko akwai katako biyu? In aka hau da ita kai..."

Detlef ya ajiye abin juya naman.

"Katako," in ji Baba. "Kun ji? Katako. Kaza ce da za ta hau katako?"

"Mai shagon ta ce kowa haka..."

"Mai shagon! Wiebke, gaya masa."

"Baba..."

"Gaya masa, ya ji daga bakinki."

"Motar Baba ba ta hawa katako," na ce, ina kallon takalmina.

"Kun ji 'yar halak."

Sönke ya daɗe yana kallon tayar gaba. Ba wawa ba ne, mota ce kawai bai sani ba. Ya sa yatsa a saman tayar, yatsan ya ƙi shiga.

"Yallaɓai, motar nan ta sauka."

"Ta sauka? Daga ina? Jirgi ta hau?"

"Ba haka take ba ranar Lahadi."

Baba ya ajiye kwalbarsa. Ya tako har inda Sönke yake durƙushe, ya tsaya a kansa.

"Wato ni maƙaryaci ne."

"Ban ce ba."

"A garejina, a gaban abokaina, kana cewa na yi maka maguɗi."

"Cewa na yi ta sauka."

"To ga alƙali nan. Wadda za ka aura ta fi duk wanda ke nan sanin motar, in ka cire ni." Ya juyo. "Wiebke. Motar ta sauka?"

Kowa ya zuba mini ido. Har Mama ta tsaya da wuƙar kek a hannu.

Sönke bai roƙe ni da ido ba. Da ya roƙa ma da sauƙi. Kallona kawai yake yi, hankalinsa kwance, don ya tabbata zan faɗa.

Ku da ba ku girma a gidan Hinnerk Boysen ba, ku yi ta cika baki. Ni dai na san abin da na ji. Na koma 'yar yarinyar nan da ta taɓa yar da noti a magudanar ruwa ya yi mako bai kula ta ba.

"Ni ban ga wani bambanci ba," na ce.

"Ɗaga murya, Detlef kurma ne."

"Ban ga bambanci ba."

"To ka ji. Ci gaba da aikinka."

Kuma ya ci gaba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ya yarda da ni. Ya ɗauka shi ne ya yi kuskuren awo. Ya ce, "Yi haƙuri, Yallaɓai, laifina ne," ya koma ya kwanta a simintin nan mai sanyi yana leƙen wani wurin da zai sa jak. Wandonsa ya yage a gwiwa. Mutane suka koma cin namansu, suna jefa masa shawara ta tsokana.

"Sace iskar tayar!"

"Ai sai ta ƙara sauka, sakarai."

"To ya haƙa rami!"

"Ya ɗaga da hannu mana, ba saurayi ba ne?"

Baba ya bar shi har sai da naman ya ƙare. Sannan ya tafa hannu.

"Ya isa. Tashi, Sarewa, kar ka goge mini siminti da rigarka."

Sönke ya tashi.

"Zan koma shagon in canzo wani..."

"Ko ka canzo goma ba zai shiga ba. Na saukar da ita ranar Laraba."

Detlef ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. Da alama shi ya taya shi.

"Awonka daidai ne," in ji Baba. "Jak ɗinka ma mai kyau ne, ba zan ɓoye ba. Ni kaina da shi zan zaɓa."

"To don me?"

"Ka ɗauka kai nake aunawa? Me zan auna a jikinka? Na gama da kai tun ranar da ka busa wa karena sarewa."

Ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata.

"Ita nake aunawa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Tun da na yaye mayafin ta gani. Ko ba haka ba, 'yar gidana? Na ga idonki ya sauka a kan tayar. Yatsu uku, ni na koya mata." Ya matse kafaɗar. "Ta gani, ta sani, na tambaye ta a gabanka. Ka dai ji amsa da kunnenka. Ka aure ta in kana so, ba zan hana ba. Amma ka san ta wa ka aura."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Wani ya yi gyaran murya ya shige garejinsa.

Sönke ya juyo gare ni.

"Gaskiya ne?"

"Sönke, mu je gida mu yi magana."

"Kin gani?"

"Ba a nan ba, don Allah."

"Wiebke. Kin gani?"

"...Na gani."

Ya gyaɗa kai. Bai yi ihu ba, bai zage ni ba, da ma ya yi. Ya sunkuya ya ɗauki robar da ta faɗi, ya mayar da ita kan jak ɗin daidai. Ya je wurin Mama.

"Na gode da kek, Mama. Ban samu ci ba, amma na gode."

Mama ta dubi hannunsa mai jini, ta ɗauki tsumma mai tsabta ta miƙa masa. Ya karɓa.

Ya kwance amalanken daga jikin keken ya bar shi a nan. Ya kama keken yana turawa zuwa ƙofar harabar. Mama ta ajiye wuƙarta ta bi bayansa.

"Ka manta jak ɗinka!" in ji Baba.

Bai waiwayo ba.

A lokacin ne bakina ya buɗe. A lokacin, da ba shi da sauran amfani.

"Baba, ya isa!"

Baba ya dube ni, ya dubi Detlef.

"Yanzu?" ya ce. "Ai an tashi daga kasuwa, 'yar gidana."

Ban san lokacin da na fizge kafaɗata ba. Na kama sandar jak ɗin, na ja shi baya, na turo shi da duk ƙarfina. Robar ta tokare a gefen motar. Na sa ƙafa na tokare shi, na sake, na sake, har ya cusa kansa ƙarƙashin siririn murfin da ke ƙasan ƙofa, inda ko yaro a harabar nan ya san ba a ɗaga mota.

"Wiebke," in ji Baba. "Kar ki kuskura."

Na danna sandar.

"Wiebke!"

Na sake dannawa. Na ji abin yana ƙara, yana lanƙwashewa. Na hau kai da duk nauyina.

Ƙarar fashewar ta cika harabar. Murfin ya tsage tun daga tayar gaba har tsakiyar ƙofa, jan fenti ya tarwatse a siminti. Ban tsaya ba. Na ci gaba da bugawa har ƙofar ta karkace, ina ihu, ban ma san me nake faɗa ba.

Kuma na ji daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi har cikin raina.

Baba ya yi fari fat. Bakinsa a buɗe.

Na saki sandar ta faɗi. Na kwasa da gudu.

"Sönke! Sönke, tsaya!"

Ya riga ya fita. Ta tsakanin sandunan ƙofar na hango bayansa, ya hau keken, tsumman Mama naɗe a hannunsa. Ƙofar ƙarfen kuwa a rufe, Mama tana tsaye a gabanta.

"Mama, matsa."

"A'a."

Tun da nake ban taɓa jin ta ce wa kowa a'a ba.

"Tafiya zai yi!"

"Na sani. Ni na buɗe masa."

"To buɗe mini!"

"Na ce masa kar ya tsaya ko ya ji kina kira."

Na tsaya ina haki, ina kallonta.

"Ba ki ji ba ne? Na yi magana! Na fasa motar! Saboda shi na yi!"

"Na ji. Na kuma gani."

"To me kuma kike so?"

"Saboda shi?" Ta girgiza kai. "Lokacin da yake kwance a ƙasa yana buƙatar kalma ɗaya, ba ki da ita. Da aka taɓa ki ke, sai ga ƙarfi."

"Mama, ba lokacin wannan ba ne..."

"Na kalli fuskarki kina danna sandar nan, Wiebke. Kin san fuskar wa na gani?"

"Kar ki faɗa."

"Tun kafin a haife ki nake zaune da fuskar nan a tebur ɗaya. In ya ji haushi, ya fasa abu, ya ji daɗi, sannan ya zo ya ce saboda ni ya yi."

"Ni ba shi ba ce!"

"Haka na yi ta gaya wa kaina tun kina goye."

Keken ya kai kwanar titi. Na kama sandunan ƙofar ina girgizawa.

"Sönke!"

Ya sha kwana.

"Mama, ina roƙonki. Ni 'yarki ce."

"'Yata ce ke, kuma ina sonki." Ba ta matsa daga ƙofar ba. "Amma yaron nan bai yi mini laifin komai ba. Ba zan bari ya aure ki ba."

Ta murɗa makullin, ta zare shi, ta sa a aljihu.

A bayana na ji takun Baba yana tahowa a hankali, yana jan sandar jak ɗin a kan siminti.